Ɗa Mai Gona a Damagaram: Rayuwarsa Kafin Hana Bauta da Bayan Hana Ta

A ƙarni na 19, lokacin da daular Damagaram take kan ganiyarta, shari'a ta raba jama'ar ƙasar gida biyu, wato 'ya'ya da bayi, kuma wannan rabuwa ce take yanke wa mutum abin da zai iya mallaka, da wadda zai iya aura, da wanda zai gaje shi idan ya rasu. An yi rubutu mai yawa a kan sarakunan Zinder da fadawansu da fataken unguwar Zango, haka ma a kan bayin da aka riƙa korawa arewa ta cikin hamada, amma talaka ɗa, wanda yake da gonarsa da rumbunsa a ƙauye kuma geronsa yake ciyar da birni da ayari, ba a cika tsayawa a kansa ba. Tarihin wannan mutum yana bayyana wani babban sauyi da ya auku cikin shekara ɗari: a zamanin sarakuna ƙasa tana da yalwa, abin da yake da wuyar samu shi ne hannun da zai nome ta da kuma zaman lafiyar da zai bari a girbe, da aka hana bauta kuma jama'a ta yawaita, sai hannu ya wadata ƙasa ta yi ƙaranci, maganar asali kuwa ta koma kan iyakar gona.

Daula da ƙasarta

Gidan sarautar Damagaram ya samo asali ne daga wani malami Babarbare da ya kafu a yankin a ƙarni na 18, kuma zuriyarsa ta daɗe tana ƙarƙashin Borno tana kai gaisuwa, wadda bayi suke cikinta. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mayar da fadarsa Zinder, garin da yake kan hanyar fatake daga Tarabulus da Gat da Abzin zuwa Kano, daga nan kuma daular ta riƙa faɗaɗa har ta mamaye ƙasashen Sosebaki irin su Mirriya da Dungas da Wacha, ta kai hannu Muniyo ta gabas. Wanda ya fi kowa ƙarfafa ta shi ne Tanimun ɗan Sulaiman, wanda mulkinsa na biyu ya fara a farkon shekarun 1850 ya ƙare da rasuwarsa a 1884. Shi ya ƙarfafa ganuwar Birni, ya sa maƙera suka zuba igwa a cikin garin, ya kuma tara rundunar bayin sarki masu bindiga. Manomin da ake magana a kansa yana zaune ne a ƙauyukan wannan ƙasa, ko Bahaushe ne ko Babarbare ko Badagire, yana noma gero da dawa da wake a jigawa, inda kuma Allah ya ba da ruwa kusa, kamar fadamun Mirriya, yana garka ta alkama da albasa da taba.

Yadda ake mallakar gona

Tushen mallaka a Damagaram, kamar sauran ƙasar Hausa da Borno, shi ne saran daji, wato mutum ya nemi izinin maigari ya sare wani yanki da ba mai shi, ya ƙone, ya shuka. Wannan al'ada ta dace da hukuncin Malikiyya na raya matacciyar ƙasa, wanda ya ba wanda ya raya fili haƙƙi a kansa, shi ya sa malamai da masu sarauta ba su sami saɓani mai yawa a kanta ba. Gonar da aka sara tana zama gonar gado idan mai ita ya rasu, magada su raba ko su ci gaba da nome ta tare, kuma mai ita yana iya ba da ita aro, wato wani ya noma ba tare da ta fita daga hannun mai ita ba, ko ya ba da ita jingina, wato ya karɓi kuɗi ko hatsi a riƙe gonar har ya biya. Sayar da gona kuwa bai yawaita a ƙauyukan nesa ba, domin mai buƙata yana iya saran sabuwa. A kusa da birni da cikin fadama ne fili yake da darajar da za a yi cinikinsa.

Wannan mallaka tana da iyaka, domin a ganin fada ƙasa duka tana ƙarƙashin sarki, kuma wanda ya bar gonarsa ta zama saura shekaru da yawa, ko ya yi ƙaura ba tare da ya bar wakili ba, maigari yana iya ba da ita ga wani. Manomi yana fitar da zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma a noman damina, wadda masu sarauta suke tattarawa, yana biyan haraji da wuri ko da hatsi, yana kuma fita gayya a gandun sarki ko na hakimi idan an kira. Hatta itacen da yake tsaye cikin gonarsa ba shi da cikakken iko a kansa, domin an daɗe ana ruwaito cewa sarakunan Damagaram sun tsananta hukunci a kan mai saran gawo, itacen da yake zubar da ganye da damina ya ba ƙasa taki, ya kuma ba dabbobi 'ya'yansa da rani. Duk da waɗannan nauye-nauye, abin da ya bambanta ɗa da bawa a fili yake: ɗa yana iya tashi ya sake gari, yana iya kai ƙara gaban alƙali da sunan kansa, kuma abin da ya tara na 'ya'yansa ne.

Gandu da hannun da yake nome shi

Tunda fili ba shi da wuyar samu, arzikin maigida yana rataye ne a kan yawan mutanen da za su fita gona tare da shi cikin gajeriyar damina, wadda a wannan yanki ba ta cika wuce wata uku zuwa huɗu ba, kuma wanda ya makara da noman fari ya yi asarar shekara. Tsarin da ya tattara waɗannan hannuwa shi ne gandu, wato babbar gonar gida wadda maigida da ƙannensa da 'ya'yansa maza suke nomawa tare a ranakun da aka ƙayyade, daga cikin amfaninta kuma ake ci, a biya haraji, a yi wa samari aure. Kowane baligi a gidan yana da gayauna, wadda a wasu sassan Nijar ake kira gamana, wato 'yar gonar da yake nomawa don kansa da yamma ko a ranakun da ba a fita gandu. Manomin da ya sami rarar hatsi ko ya yi sa'ar kiwo yakan sayi bawa ya ƙara cikin gandunsa, yawanci suna duƙawa tare a kunya ɗaya, abin da ya bambanta shi da manyan masu bayi, wato sarki da fadawa da fatake da Abzinawa, waɗanda suke kafa rinji, ƙauye guda na bayi masu noma ƙarƙashin wakili.

Bawan gida shi ma ana ba shi gayauna, amma a shari'a shi da abin hannunsa duk na ubangijinsa ne, ba ya gado ba a kuma gadonsa. Akwai hanyoyin sassauci da al'ada ta sani: murgu, wato bawa ya riƙa biyan ubangijinsa wani abu sananne domin a bar shi ya yi aikin kansa, fansa, wato ya biya kuɗin kansa ko danginsa su biya masa, da kuma 'yantarwa don neman lada ko kaffara. 'Ya'yan da bayi suka haifa a gidan, waɗanda ake kira cucanawa ko dimajai, al'ada tana ƙyamar sayar da su, ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta kuwa ɗa ne cikakke mai gado. Sai dai 'yantacce bai rabu da tsohon gidansa gaba ɗaya ba, domin hukuncin wala'i ya ba wanda ya 'yanta shi damar gadonsa idan ya rasu ba magaji, kuma filin da yake nomawa sau da yawa aro ne daga tsohon ubangijin nasa. Wannan aron, wanda a lokacin ba a ɗauke shi da nauyi ba, shi ne ya zama tushen rigingimu bayan shekara ɗari.

'Yancin da yake buƙatar shaida

A ƙa'idar malamai ba a bautar da Musulmi ɗa, kuma tun 1615 Ahmad Baba na Timbuktu ya yi fatawa cewa launin fata ba hujjar bauta ba ne, har ya lissafa Borno da Kano da Katsina cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a kama mutanensu ba. Amma abin da yake faruwa a bakin iyaka daban ne da abin da yake cikin littafi. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya zauna a Zinder a farkon 1851 zamanin Sarki Ibrahim, ya ba da labarin yadda ake kai hari kan garuruwan maƙwabta a kamo mutane domin a biya bashin da fatake suke bin fada, ya kuma ga an shigo da kamammu cikin gari. Yaƙe-yaƙen Tanimun, da waɗanda Sarki Ahmadu Kuran Daga ya yi da Kano a ƙarshen shekarun 1890, duk sun mayar da manoma 'ya'ya bayi a ɓangarorin biyu. Saboda haka manomi yakan gwammace ya zauna kusa da gari mai ganuwa ko da ƙasar ta gaji, ya kuma jingina da wani babba, domin abin da yake kare 'yancinsa shi ne dangin da za su neme shi su fanshe shi, da maigari da liman da za su shaidi asalinsa.

Kwatanci da Amurka yana taimakawa wajen gane wannan hali. Ƙidayar 1860 ta nuna baƙar fata 'yantattu kimanin 488,000 a gefen bayi kusan miliyan 4, kuma wasu daga cikin 'yantattun suna da gonakinsu, amma da yake an ɗaura bauta a kan launin fata, a jihohin kudu da yawa sai mutum ya riƙe takardar shaidar 'yancinsa, kuma hukuncin kotun ƙoli na 1857 a shari'ar Dred Scott ya ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. Gab da ƙarshen yaƙin basasa, umarnin Janar Sherman na Janairun 1865 ya ware wa kowane iyalin 'yantattu eka 40, amma Shugaba Andrew Johnson ya mayar da yawancin filayen ga tsofaffin masu su, duk da haka baƙar fata suka yi ta saye da guminsu har suka mallaki kimanin eka miliyan 15 zuwa 1910. A Damagaram ubangiji da bawa launinsu ɗaya, sau da yawa harshensu da addininsu ma ɗaya, don haka bambancin yana cikin sanin da mutane suka yi wa asalin juna, abin da ya sa zuriyar bawa take iya narkewa cikin jama'a idan ta yi nisa da inda aka san ta, amma tabon yake daɗewa idan ta zauna a garin iyayengijinta.

Zuwan Faransawa da dokar 1905

A watan Mayun 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Zinder, a ƙarshen Yulin 1899 kuma sojojin Faransa suka ci rundunar Damagaram a Tirmini suka shiga birnin, aka kashe Ahmadu Kuran Daga cikin wannan shekara aka naɗa Ahmadu ɗan Bassa. Faransa ta soke bauta a ƙasashen da take mulka tun 1848, amma hafsoshinta a Afirka ta Yamma sun daɗe suna kau da kai, domin da sarakuna masu bayi suke aiki. Dokar da ta shafi wannan yanki ita ce ta 12 ga Disamba 1905, wadda ta haramta mayar da mutum bawa da sayar da shi ko ba da shi kyauta, amma ba ta bi gida-gida ta sallami waɗanda suke cikin bauta ba. Abin da ya canza shi ne hukuma ta daina taimaka wa ubangiji ya dawo da wanda ya tafi. A 1906 Faransawa suka zargi sarki da wasu manyan gari, cikinsu har da wani attajiri mai suna Malam Yaro, da ƙulla makirci, suka tuɓe sarkin suka kai shi Kodebuwa, sannan suka ɗora wani bawan fada mai sarautar Bellama a kan mulki, ba a mayar da sarauta gidanta ba sai 1923 da aka naɗa Barma Mustafa. A ƙetaren iyaka kuwa Ingilishi sun bi tasu hanyar ta sannu a hankali, inda dokar 1901 ta 'yanta yaran da za a haifa daga Afrilun wannan shekara, ba a soke bauta baki ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936.

Abin da ɗa mai gona ya samu da abin da ya rasa

Babbar ribar da manomi ya ci ita ce ƙarewar hari, domin tun da aka daina kamun mutane sai daji ya buɗe, iyalai suka bar gindin ganuwa suka kafa sababbin ƙauyuka a filayen da a da ba mai iya kwana cikinsu. Wannan buɗewa ta amfani tsofaffin bayi su ma, domin wanda ya yi ƙarfin hali ya tashi yana iya saran gonarsa a wani wuri ya zama mai gado kamar kowa. Buzaye, wato barorin Abzinawa masu noma da kiwo, sun ƙara samun sakewa bayan da Faransawa suka murƙushe tawayen Kawsen na 1916 zuwa 1917 suka karya ƙarfin iyayengijinsu, kuma da yawa sun zauna a Damargu da kudancin Zinder. Masanin Faransa Guy Nicolas, wanda ya yi bincike a ƙasar Kance, ya bayyana yadda suke yanka gonakinsu dogwaye a jere, suna matsar da bukka da garke kowace shekara domin taki ya zagaye filin.

Ta wani ɓangaren kuma, maigidan da yake da bayi ya rasa hannu a hankali, wasu suka tafi, wasu suka zauna a kan sabon sharaɗi na aron gona da kawo gaisuwar dami bayan kaka, sai ya koma dogaro da 'ya'yansa da gayya da 'yan ƙwadago. Nauyin da ya fi danne shi kuwa na sabuwar hukuma ne: lanho, wato harajin kai, wanda aka koma karɓa da kuɗin Faransa bayan an yi watsi da wuri, aikin dole na ɗaukar kaya da gyaran hanya da ginin bariki, ɗiban soja a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu, da kuma dokar da ta ba kwamanda ikon ɗaure talaka har kwana 15 ba tare da shari'a ba. A gaban waɗannan dokoki ɗa da tsohon bawa sunansu ɗaya, talakawan mulkin mallaka, ko da yake a wurare da yawa masu gari sukan fara tura marasa galihu idan an nemi mutane. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa suke kira Kakalaba, ta faɗa wa ƙasar cikin wannan hali, mutane da dama suka tsallaka iyaka zuwa ƙasar Kano da Daura, kuma ba a soke aikin dole ba sai da dokar 11 ga Afrilu 1946.

Kasuwa ma ta juya fuska, domin isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da mamayar da Italiya ta yi wa Tarabulus a wannan shekara sun ƙarasa kashe fataucin hamada, Zinder kuma ta rasa matsayin babban birnin mulki a 1926 da aka koma Yamai. Manomin kudu, musamman a Magariya da Matamaye, ya koma noman gyaɗa domin ya sami kuɗin lanho da na sutura, samari kuma suka riƙa tafiya cin rani Najeriya. Da saurayi ya sami hanyar kuɗinsa, sai ikon maigida a kansa ya ragu, gandu ya riƙa rabewa tun kafin uba ya rasu, gonaki suka riƙa ƙanƙancewa daga gado zuwa gado.

Lokacin da ƙasa ta yi ƙaranci

A shekarar samun 'yancin kan Nijar ta 1960, gwamnatin Diori Hamani ta kafa dokar hana karɓar ushirar gona da masu sarauta da masu filaye suke karɓa, a watan Disamban 1974 kuma Shugaba Seyni Kountché ya yi shelar cewa duk gonar da mutum yake nomawa, ko ta wace hanya ya same ta, za ta ci gaba da zama a hannunsa. Wannan shela ta ƙarfafa masu aro, cikinsu har da jikokin bayi, amma ta sa masu gonakin gado suka riƙa tsoron ba da aro ko barin saura. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gargajiya daidai da ta takarda, ta kuma kafa kwamitocin filaye masu rubuta shaidar gado da saye da aro da jingina. Christian Lund, wanda ya yi bincike a kan rigingimun gona a yankin Zinder a wancan lokaci, ya nuna cewa jin labarin za a yi rajista ya tayar da tsofaffin shari'o'i, kowa yana neman ya tabbatar da haƙƙinsa kafin a rubuta, ɗaya yana kafa hujja da kakansa da ya sari daji, ɗaya kuma da shekarun da ya yi yana noma da maganar Kountché.

A 2003 Nijar ta mayar da bautar da mutum laifin da ake ɗaure mai yin sa shekara 10 zuwa 30, bayan fafutikar ƙungiyoyi irin su Timidria da aka kafa a 1991, a 2008 kuma kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sami gwamnati da laifin rashin kare wata mata mai suna Hadijatou Mani daga bauta. Waɗannan matakai sun shafi jikin mutum da 'yancinsa, amma ba su warware maganar fili ba, alhali ƙidayar 2012 ta nuna jihar Zinder tana da mutum fiye da miliyan 3 da rabi, kuma a kudancinta kusan ba sauran dajin da za a sara. Kwamitin filaye yana rubuta abin da shaidu suka tabbatar ne, shaidun kuwa yawanci maigari ne da dattawan tsofaffin gidaje, don haka jikan wanda ya sari daji yana zuwa da hujjar da al'ada ta riga ta karɓa, jikan wanda aka ba aro kuwa sai ya nemi takarda ko saye kafin gonar da gidansu ya daɗe yana nomawa ta zama tasa a idon hukuma.